Ƙarafan Kawu da bakwai ɗin da ta kusa cinye mini miliyan biyu

Yau ku yi mini haƙuri, na ajiye maganar kuɗin wuta da na mai sai gobe in Allah ya kai mu. Maganar golf zan yi, wasan nan da wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Na san tun kafin in kai aya wani ya fara rubuta mini cewa mutane na neman abin sawa a bakin salati kai kana zancen wasan masu kuɗi. Na ji, na kuma yarda. Amma ka daure ka karanta tukuna, don in ka bi ni a hankali za ka ga maganar dala ce muka sake dawowa kanta ta ƙofar baya.

Shekara shida ke nan da likita ya dube ni ya ce sukari ya hau, jini ma ya fara hawa, ko in riƙa tafiyar ƙafa ko in shirya shan magani har ƙarshen rayuwa. Na gwada zagayen unguwa da asuba, sati biyu na yi na gaji da gaishe-gaishe da ƙurar Keke Napep. A daidai lokacin ne Allah ya yi wa Kawuna rasuwa, wan mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Bayan an yi arba'in matarsa ta kira ni ta nuna mini wata doguwar jaka a bayan ƙofar ɗakinsa, ta ce, "Ɗauki wannan, yaran nan ba wanda ya damu da ita, kai ne kaɗai kake zama ka saurari labarin wasansa." Da jakar nan na shiga golf, ina da shekara 47. Zagaye ɗaya na rami 18 a ƙafa yakan haura kilomita bakwai, kuma ba ka jin ka yi tafiyar saboda hankalinka na kan ƙwallo. Sukarina ya sauka. Wannan kaɗai ya isa in riƙe wasan.

Bari in ɗan yi wa waɗanda ba su taɓa riƙe sandar ba bayani, don su iya bin zancen. Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda 14 a jaka, ba ƙari. A cikinsu akwai rukunin da muke kira ayon, wato masu kan ƙarfe, kowacce da lambarta a gindi, yawanci daga 3 ko 4 zuwa 9, sai masu ɗaga ƙwallo sama na kusa da rami. Kamar fartanya take, akwai kai, akwai ƙota, akwai mariƙin roba. Mai ƙaramar lamba fuskarta a miƙe take, ƙotarta doguwa, tana kai ƙwallo nesa amma tana da wuyar bugu. Mai babbar lamba fuskarta a kwance take, tana cilla ƙwallo sama ta sauko kusa. Wannan kwanciyar fuskar da digiri ake auna ta. Ku riƙe wannan, don nan gizo ke saƙar.

Na Kawu, Ping Eye2 ne, ya sayo su a Ingila lokacin da wurin aikinsa suka tura shi kwas a shekarun 1980. Sun dushe, bayan kowacce duk tabon duwatsu, mariƙan sun yi santsi kamar tsohon takalmin soso. Da su nake wasa duk Asabar tare da abokai uku, kuma ni ne abin tsokana. Akwai wani rami a filinmu mai nisan yadi 150, daga inda ake ɗora ƙwallo ana son ka kai ta kan girin da bugu ɗaya. Su duk bakwai suke zarowa. Ni sai na zaro biyar. Kuma a golf akwai wata muguwar tambaya da ake yi bayan ka buga: "Da me ka buga?" In ka ce biyar, sai ka ga an kalli juna. Ɗaya daga cikinsu, abokina ne tun makarantar sakandare, kullum sai ya ce, "Alhaji, don Allah ka kai ƙarafan nan Gidan Makama a ajiye wa jikoki." A yi dariya, ni ma in yi, amma wallahi tana ci na a rai. Namiji bai son a ce ƙarfinsa ya kasa na tsaransa, ko da a wasa ne.

Wata Asabar cikin Nuwamba sai abokin nan ya miƙo mini tasa bakwai ɗin, sabuwa dal, Ping G430, ya ce in gwada. Jama'a, ban san na taɓa ƙwallon ba. Wani ɗan sauti kawai na ji, ƙwallo ta tashi ta tafi ta sauka tsakiyar girin. Yadi 150 da bakwai, ni! Na sake ɗora wata, ta sake zuwa. Daga nan har muka gama wasa ban san me nake bugawa ba, zuciyata tana kanti.

Da dare na hau intanet. Saiti ɗaya na sababbin ayon na manyan kamfanonin nan yana kamawa daga dala dubu zuwa sama, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Da a ce kafin Yunin 2023 ne, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati, da abin da ɗan sauƙi. Amma tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, a 2024 dala ta haura 1,500. Na ɗora lissafi a kan dala 1,200, ya ba ni miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. In an haɗa da kawowa, miliyan biyu ce ba ko tantama. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato sanda bakwai ko takwas sun cinye albashin wani bawan Allah na sama da shekara biyu.

Abin da ya sa lamarin ya zama jarrabawa shi ne kuɗin suna hannuna. A watan ne na kwashi adashen ofis. An riga an yi musu wuri: rajistar 'yata a jami'a, da kwanon ɗakin baya da ke yoyo tun daminar bara. Amma kun san yadda shaiɗan ke lissafi. Sai na fara ce wa kaina damina ai da sauran wata biyar, rajista kuma ana iya neman rance, lafiya ce fa nake saye ba alatu ba. Na yi kwana uku ina wannan huɗubar a zuci kafin in furta wa uwargida. Tana yankan alayyahu ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Alhaji, sabuwar ita ke buga kanta ne?" Na fara yi mata bayanin kimiyya. Ta ce, "To, in an fara ruwa sai mu shimfiɗa su a kan rufin." Na tashi na bar mata kicin ɗin.

Wanda ya buɗe mini ido yaron da ke ɗaukar mini jaka ne, kadina. Yaro nake cewa amma magidanci ne da 'ya'ya biyu, tun yana ɗan shekara goma yake filin nan. Ranar da aka ba su damar wasa, da wasu sanduna biyar 'yan tsince-tsince, kowacce da kamfaninta, yake buga abin da mu masu cikakkiyar jaka ba mu taɓa mafarkinsa ba. Na gaya masa niyyata, ina jiran ya yi murna, tunda in na sayi sababbi wataƙila wani abu ya faɗo masa. Sai ya yi shiru. Da abokina ya tafi shan ruwa, ya zaro bakwai ɗinsa daga jaka, ya zaro biyar ɗina, ya jera su a ƙasa gefe da gefe. Ya ce, "Yallaɓai, manta da lambar. Dubi fuskarsu." Na duba. Kwanciyarsu ɗaya. Ya ce, "Wannan ai biyar ce aka rubuta mata bakwai."

Ban yarda ba sai da na koma gida na nemo jadawalin da kamfanin da kansa ya fitar. Bakwai ta Eye2 digiri 36 ce. Bakwai ta G430 digiri 29. Biyar ta Eye2, wadda ake yi mini dariya a kanta, digiri 28 da rabi. Rabin digiri ne tsakaninsu. Ashe duk shekarun nan sanda kusan iri ɗaya muke zarowa a ramin nan ni da su, lambar gindi ce kawai ta bambanta. Kuma ba kamfani ɗaya ke yin haka ba, kusan dukkansu ne. Bakwai ta TaylorMade Stealth digiri 28 ce. Babu wata doka da ta ce bakwai sai ta zama digiri kaza, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa. Sun kuma san halinmu: in mutum ya shiga kanti gwaji, bakwai ake miƙo masa, in ta fi tasa ta gida nisa da yadi 20, ciniki ya faɗa.

Abin bai tsaya nan ba. Tunda an tura kowace sanda gaba, sai rami ya buɗe a ƙasan jaka. Sandar da ke bin tara, mai harafin W ko P, a saitin Kawu digiri 50 da rabi ce. A sabon saitin 41 ce. Ita kuwa ta fitar da ƙwallo daga ramin yashi tana nan wajen 54 zuwa 56 kamar yadda aka saba. To me za ka buga in ya rage maka yadi 90 ko 100? Dole ka sayi ƙarin sanda ɗaya ko biyu su cike giɓin. Kamar mai awo ne ya rage girman mudu, sannan ya ce maka albishir, buhunka yanzu ya ƙara yawan mudu. Abin dariyar ma, shi Ping ɗin yana da zaɓin da yake kira Retro Spec, wato ka yi oda a kwantar maka da fuskar sababbin ta ɗan koma kusa da irin ta da.

Nan fa na tashi da fushi, na ce shi ke nan, duk yaudara ce, da tsohuwar zuma ake magani. Har na fara shirya yadda zan rama tsokanar ranar Asabar. Amma gaskiya ɗaya ce, ko ba ta yi mini daɗi ba: hannuna ya ji bambanci ranar da na buga sabuwar nan, kuma hannu ba ya karanta lamba.

Sai muka yi gwaji irin namu na talakawa, tunda ba mu da na'urar nan mai auna bugu da ake gani a bidiyo. Na roƙi abokina ya bar mini bakwai ɗinsa kwana biyu. Da sassafe muka je filin atisaye, kadina ya tsaya can nesa da tsakuwa a aljihu, na buga ƙwallo 20 da biyar ɗin Kawu, 20 da sabuwar bakwai, yana sa alama inda kowacce ta fara sauka. Waɗanda na buga da kyau, a tsakiyar fuska, wuri guda suka taru, ba ka iya cewa ga ta wannan ga ta waccan. Bambancin yana wajen waɗanda na ɓata, kuma mutum irina mai handikaf 22 rabin bugunsa ɓatacce ne. In na taɓa ƙwallo da bakin sandar ko ƙasa-ƙasa, ta Kawu takan faɗi taku 15 zuwa 20 kafin sauran, hannuna kuma ya yi zir kamar na taɓa waya. Sabuwar takan rage taku bakwai ko takwas ne kawai. A ramin da ke da yashi ko kwata a gaba, wannan shi ne tsakanin ka tsallake da ka faɗa.

Dalilin ba boka ba ne. Fuskar sababbin siririya ce, tana ɗan lotsawa ta cilla ƙwallo ko ba a tsakiya aka taɓa ba. Ana sa ƙarfen tangistin mai nauyi a gefe da gefe don kada kan ya murɗe. Wasu ma cikinsu rami ne aka cika da wani abu kamar soso, irin P790 da TaylorMade ya fitar a 2017. Nauyin an sauke shi ƙasa, shi ya sa duk da fuskar a miƙe take ƙwallo ke iya tashi. Sannan sabuwar bakwai ba ta kai tsohuwar biyar tsawon ƙota ba, gajeriyar sanda kuwa ta fi sauƙin sarrafawa. Duk wannan gaskiya ne, wanda ya ce maka babu ci gaba ko kaɗan a shekara 40 son zuciya ne yake yi.

Wani abin da ya ƙara kashe mini baki shi ne tarihin su kansu ƙarafan Kawun. Ni da nake musu kallon kayan gargajiya, ashe a zamaninsu su ne 'yan bidi'a. Wanda ya ƙirƙiro su, Karsten Solheim, haifaffen Norway ne da ya girma a Amurka, injiniya a kamfanin General Electric, bai fara golf ba sai yana da shekara 42. A garejin gidansa ya fara ƙera sanduna a 1959. Tunaninsa shi ne a kwashe ƙarfen bayan kai a mayar da nauyin gefe-gefe, don mai ɓata bugu ya samu sassauci. Eye2 ta fito a 1982. Kafin irin wannan ƙirar ta yaɗu, ayon wani siririn ƙarfe ne kamar wuƙa, in ba ka taɓa tsakiya ba ka shiga uku. Har rigima aka yi da hukumar golf ta Amurka kan tsagar fuskar Eye2, aka je kotu, aka sasanta a 1990. Shekara 20 bayan nan, a 2010, da aka tsaurara dokar tsaga, Phil Mickelson ya ɗauko tsohuwar Eye2 ƙirar kafin Afrilun 1990 ya shiga gasa da ita a Torrey Pines, saboda sulhun nan ya halatta ta, aka yi ta cece-kuce. Da na karanta wannan sai na tuna yadda Kawu ke son sabon abu, shi ne na farko da ya sa talabijin mai kala a layinsu. Da yana raye da ƙarfinsa, ina kyautata zaton shi zai riga abokina sayen G430 ɗin.

Amma gwajin namu ya nuna wani abu kuma da masu bidiyon Ingila da Amurka ba sa faɗa, don ba ƙasarmu suke wasa ba. Su filinsu a jiƙe yake, ƙwallo na sauka ta tsaya. Mu daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasa kamar siminti take. Ƙwallon da sabuwar bakwai ta tura ba ta juyawa sosai a iska, ga ni kuma ba wani ƙarfin lilo gare ni da zan ɗaga ta can ƙololuwa ba, sai ta sauka a kwance ta yi ta gudu har ta fice ta bayan girin. A lokacin hunturu ba nisa muke nema ba, ƙasa na ba mu nisa kyauta. Abin da zai tsayar da ƙwallo muke nema. Ta Kawu ma biyar ɗin gudun take yi, amma daga bakwai zuwa ƙasa, masu kwantacciyar fuska, suna sauko da ita daga sama ta ɗan yi tsalle biyu ta zauna. Na lura kuma faffaɗan gindin sabuwar, wanda ke taimako a ciyawa mai laushi, a busasshiyar ƙasa wani lokaci dukan ƙasa yake ya yi tsalle ya sari ƙwallo a ciki. Wannan abin da na gani ne da hannuna, wani mai bugu daban zai iya ganin daban.

Ina cikin wannan ruɗanin ne, kullum da sabon ra'ayi, sai na kai ƙarata wajen kocin kulob ɗinmu. Dattijo ne, shi ma daga ɗaukar jaka ya taso. Bai ce mini saya ko kar ka saya ba. Ya karɓi bakwai ɗin Kawu ya juya bayanta, ya nuna mini wani ɗan ɗigon fenti da ya kusa gogewa. Ya ce, "Alhaji, mai sandar nan dogo ne ko?" Na ce ƙwarai, Kawu sai ya sunkuya yake shiga ƙofar zaure. Ya ce, "Kai kuma fa?" Muka yi dariya, don duk wanda ya san ni ya san ban da tsawo. Ya ce ɗigon nan kore ne, kuma a tsarin Ping launin ɗigo yana nuna yadda aka ɗaga ƙotar daga ƙasa. Baƙi shi ne na matsakaicin mutum, kore na dogaye ne. In gajere ya riƙe sandar dogo, dunduniyar kan ce ke fara cin ƙasa, bakin ya ɗaga sama, ƙwallo ta nufi hagu. Ya manna farar takarda mai gam a gindin sandar, ya sa na buga a kan wani katako. Duk gogewar a dunduniya ta fito.

Jama'a, shekara shida ina jan ƙwallo hagu. Na canja riƙo, na canja tsayuwa, na kalli bidiyo har data ta ƙare, na zagi kaina a zuci ba adadi. Har na saba nufar dama da gangan don ta dawo. Ashe rigar wani na sa nake mamakin yadda take ja mini ƙasa. Kuma ku lura, da na je na yi odar sababbin nan ta waya ba tare da an auna ni ba, ba abin da zai hana in sake sayen wata rigar da ba tawa ba, wannan karon da miliyan biyu.

Na san wani zai ce to ka bi tsakiya mana, ka nemi na hannu 'yan shekara biyar ko shida. Shawara ce mai kyau, kuma ita zan ba duk wanda zai fara wasan yau bai gaji komai ba. Fasahar da ke cikin na bana yawancinta tana cikin na shekara biyar da suka wuce, kuɗin kuma ya faɗi sosai. Sai dai a yi hattara, jabu sun yi yawa. Akwai wani a kulob ɗinmu da ya sayi saiti ta intanet a farashin da shi kansa ya san ya yi arha fiye da kima, fenti na ƙyalli, suna ɓaro-ɓaro. Wata na biyu kan sandar ya fice ya bi ƙwallo, saura kaɗan ya samu wani kadi a ƙafa. Da aka ɗora su a sikeli, takwas ta fi tara nauyi. In za ka sayi na hannu, ka saya wajen wanda ka san shi ka san inda ya samo, ka kuma tafi da koci ko tsohon kadi ya riƙa ya ji. Su hannunsu ya fi idonka gani.

Ni dai ga abin da na yi. Na biya rajistar yarinya. Na kira mai kwano. Sannan da wani aiki ya kai ni Abuja na tafi da ƙarafan wajen wani mai gyaran sanduna da ke da injin lanƙwasa su. Ya gargaɗe ni cewa ƙarfen irin na zubi ne, yana da tauri, ga tsufa, yana iya karyewa, in ya karye ba ruwansa. Na ce bismillah. Na tsaya a kansa gabana na faɗuwa kamar an shiga da ɗana tiyata, yana bi a hankali, daga biyar har zuwa ta ƙarshe, babu wadda ta karye. Aka sauya mariƙai gaba ɗaya, wanda rabon da a yi tun Kawu na da rai, kuma wallahi wannan kaɗai sai da na ji kamar an canja mini hannu. Uku da huɗu kuwa na yi musu ritaya, don tsakani da Allah ban taɓa buga su da kyau sau biyu a jere ba. A madadinsu na sayi sandar nan ruwa-biyu da ake kira haibirid, ta hannu, wajen wani ɗan kulob da ya koma Legas. Duka abin da na kashe bai kai kashi ɗaya cikin takwas na kuɗin sabon saiti ba.

Kar ku ɗauka na zama gwani. Sati uku na farko ma abin ƙara lalacewa ya yi, don jikina ya saba nufar dama, yanzu kuma ƙwallo na tafiya inda na nufa, sai in gan ta cikin itatuwan darbejiya. A hankali na daidaita. Kafin gyaran ina yawo tsakanin 98 da 102, yanzu ina ganin 94, 95, sau ɗaya 91, ranar har sadaka na yi. A ramin yadi 150 har gobe biyar nake zarowa. In an tambaye ni da me na buga, sai in ce digiri 28 da rabi. Abokina ya ce wannan amsar 'yan boko ce, ba ya karɓa.

Akwai abin da gyaran bai magance ba, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙotar Kawu ƙarfe ce mai tauri, an zaɓa ta don ƙaton mutum ɗan shekara 40. Ni yanzu 53, gwiwar hannuna ta dama takan yi mini tsami duk ranar Lahadi, musamman in ƙasa ta bushe. Ƙotar girafait ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, tana kuma shanye girgizar da ke hawa hannu. Koci ya ce nan da 'yan shekaru jikina da kansa zai yanke hukuncin, ba sai na yi shawara da kowa ba. Na san ranar na zuwa. In ta zo, na Kawu ba za su je kasuwa ba, bayan ƙofar ɗakina za su koma, ko cikin yaran nan Allah zai fitar da mai sauraron labari.

Ranar Asabar da ta wuce muna shan shayi bayan wasa, abokin nawa ya jawo kujera kusa da ni ya rage murya. Wai ya ga kamfanin ya fitar da wani sabon samfuri, yana tunanin sakin nasa, in ina so zai bar mini a rabin kuɗi, in biya sau uku. Na ce ɗigon nasa wane launi ne? Ya ce wane ɗigo? Muka je muka juya bayan sandar, shuɗi ne, shi ma na masu ɗan tsawo. Kadina na gefe yana wanke ƙwallaye, ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba, na ce ya bari a gama rufin tukuna. Kafin nan, in akwai wanda ke da bakwai mai ƙotar girafait, ta gajeren mutum, da zai iya ara mini na sati biyu in ji yadda gwiwar hannun nan za ta yi, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Zan dawo da ita lafiya, kadina shaida ne.